Takalman Delfina

Ni dai Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, sana'ata kuma ta ƙarasa lalata ni. Shekara da shekaru ina ɗinka 'yan ƙananan kaya na bikin Alasita a nan Buenos Aires, ni da mijina, tsohona Zenon. Shi yana ƙera gidaje da motoci na farar ƙasa waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, ni kuma ina yin buhunan shinkafa kamar babban yatsa, da akwatunan tafiya, da 'yan riguna. Mutum ya sayi ƙaramin abin da yake buri, a yi masa turare da tsakar ranar bikin, ya koma gida ya jira babban. To ka gaya mini, wadda mutane ke tsayawa gabanta suna nuna mata abin da ransu ke so da yatsa, yaya za a yi ta kame kanta? Na san yarinyar da ke neman miji tun kafin uwarta ta sani, don a wurina ta sayi ɗan zakara ta ɓoye a jaka.

Ana saura 'yan kwanaki bikin sai ga Wilma ta shigo mana, tana fifita da gefen mayafi don zafin Janairu ya sako kowa gaba. Ni na riƙe ɗanta na fari a coci ranar baftisma, shi ya sa muke ce wa juna kumadre, kuma a wurinmu mutanen Bolibiya gara ki saɓa da 'yar'uwarki ta jini da ki saɓa da kumadre. Wilma tana da gidan ɗinki a bayan gidanta a unguwar Flores. Takan je gida ta kwaso samari da 'yan mata daga ƙauyukan bakin tabki, duk ta ce 'ya'yan yayarta ne. Zenon yakan ce yayar nan tata ta fi zomo haihuwa. Ba ma ganinsu a coci, ba ma ganinsu a kasuwa, amma ba wanda ya tsaya tambaya, tun da rabinmu ta ƙofar keken ɗinki muka shigo ƙasar nan. Kowace shekara ita ke zuwa ta saya musu burinsu, wai aiki ya yi musu yawa.

Ta zauna tana lissafo mini. Wannan keken ɗinki yake so, wancan gida mai bene, wani kuma motar haya. Sai ta kwashe da dariya.

"Sai wata sakarya, Nelida. Wai takalmin yarinya take so. Ja. Kuma wai mai maɓalli, kada a sa masa igiya. Haihuwa take nema, kumadre, ko mashinshini ba ta da shi."

Na ce, "Mai son haihuwa ai 'yar tsana take saya."

"'Yar ƙauye ce, me ta sani?"

Maganar ba ta zauna mini ba. 'Yan ƙauye ne fa suka koya mana wannan al'adar, ba sa kuskure a cikinta. Bayan ta tafi na kasa ko zura zare a allura.

"Tsoho," na ce wa Zenon, "ɗan da ba a haifa ba, me ya haɗa shi da igiyar takalmi?"

Bai ɗago daga rufin gidan da yake shafa wa fenti ba. "Tsohuwa, an ce ki ɗinka, ba a ce ki yi duba ba."

"Mai cewa kada a sa igiya ta san hannun da bai iya ɗaurewa ba. Akwai yarinya a gidan nan."

"To a ce akwai. Taki ce?"

"Kai dai ba ka da jini a jika. Shekara nawa nake shiga falon Wilma, ban taɓa jin kukan yaro ba. A ina take ajiye ta?"

"Wannan shisshigin naki wata rana zai kai mu caji ofis," in ji shi. Amma na ga burushin ya tsaya a hannunsa.

Washegari na dafa miyar gyaɗa mai kyau, na zuba a kwano, na kwashi guntayen jar fata kala uku na sa a aljihun gaba. Da rana tsaka na buga ƙofar Wilma. Na ce mata jan ya kasu, kuma ni ba na yi wa mutum buri da kalar da ba shi ya zaɓa ba. Ta ce in ba ta ta kai. Na ce a'a, ai abin ba ya karɓuwa sai mai shi ya taɓa da hannunsa. Ƙarya ce na shirya a kan hanya, amma na faɗe ta da fuskar limamin coci. Ta yi tsaki, ta zaro makulli daga igiyar wuyanta.

Ban taɓa wuce falonta ba sai ran nan. Ƙofar ƙarfe ce a ƙarshen wani siririn lungu, da kwaɗo ta waje. Tana buɗewa zafi ya buge ni kamar na leƙa tanda. An toshe tagogi da kwali, fitilu na ci da rana, rediyo na ta kwarara waƙoƙin gida don kada maƙwabta su ji kekuna. Ga gadaje a jere a jikin bango, wani bisa wani, ga wanduna tsibi-tsibi har kusa da rufi. Ba wanda ya ɗago ya dube ni.

Nelida tana can ƙurya. Siririya ce, ba za ta wuce ashirin da 'yan kai ba, gashin auduga ya yi mata fari-fari a gira. Na miƙa mata guntayen fatar, ina magana ina baza ido. A ƙarƙashin kekenta akwai wani babban kwali cike da ƙyallaye, kuma daga cikin ƙyallayen na hango 'yan yatsun ƙafa. Sai na saki fatar ta faɗi ƙasa, na durƙusa wai zan ɗauka.

Wayyo Allah. Idanu biyu ne ƙuri a kaina, babu tsoro, babu murmushi, kallon mai son ya gane wace irin halitta ce wannan. Gashinta ya cukurkuɗe ya zubo har gadon baya, duk zare ya maƙale a ciki. Ta miƙo hannu ta taɓa ɗan kunnena, ta ja kaɗan, ta saki.

"Ikon Allah," na ce. "Kumadre, wannan kuma daga ina?"

"Au, Delfina? Ban gaya miki ba?" Wilma ta yi wata 'yar dariya. "Da cikinta uwar ta zo, ni na rufa mata asiri. A nan aka haife ta, ni na yanke cibi. Ci da sha duk a wuyana."

"Shekararta nawa?"

"Ta kusa huɗu."

"Huɗu, da wannan gashin?"

"Wa zai aske? Sai an samu uwar aski, mu kuma aiki ya hana mu numfashi."

Na ce mata miyar nan fa tana hucewa, ta taimaka ta ɗumama mana. Ta dube ni, ta dubi Nelida, amma ba a cewa kumadre a'a a kan kwanon miya. Tana fita na ja kujera kusa.

"'Yata, me ya sa takalmi?"

Ba ta tsayar da keken ba, bakinta kawai ke motsi. "Ba ta taɓa sawa ba, Gwaggo. Ba inda za ta je da shi. Na ce ko in aka yi wa ƙaramin turare, Allah zai kawo inda za ta."

"Ko ƙofar gida ba ta taɓa fita ba?"

"Uwar ɗakinmu Wilma ta ce ba ta da takarda. In 'yan sanda suka gan ta za su ƙwace ta, ni kuma su kulle ni."

"Ke fa, yaushe rabonki da waje?"

"Ranar da muka sauko daga mota."

"Albashinki?"

"Tana ajiye mana. Da takardunmu."

Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana sun yi zafi. Yaron da aka haifa a ƙasar nan ɗan ƙasa ne, wannan ko ɗan zakaran da nake sayarwa ya sani, kuma Wilma ta fi kowa sani, tun da nata 'ya'yan suna makaranta da fararen riguna. Na sake durƙusawa, na kamo ƙafar yarinyar na ɗora a tafin hannuna. Daga gindin tafin zuwa gaɓar yatsana ta biyu. Tafin ƙafar laushi kamar na jinjiri.

Da Wilma ta dawo da kwano sai na miƙe tsaye, na ɗaga murya yadda za ta fi ta rediyo.

"Kumadre, na ga yarinya, ta shiga raina. Ni zan zama uwar askinta. Ranar biki zan zo in ɗauke ta a yi mata turare, daga nan a sa ranar aski."

Kekunan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu ba a yi wa yaro askin fari sai an samu wadda za ta fara sa almakashi, ta zama kumadren uwarsa. Kowa a ɗakin ya san ba a mai da wadda ta miƙo hannu za ta zama uwar aski, sai dai in ana so a ɗora wa yaro baƙin jini har tsufansa. Wilma ta san duk idanun nan a kanta suke. Ta yi murmushin da bai wuce haƙora ba.

"Kin kyauta, kumadre. Sai dai uwar ba za ta samu zuwa ba, akwai kayan da za a karɓa ran nan. Ki ɗauki yarinyar, da yamma ki dawo mini da ita."

Mini, ta ce. Ban manta ba.

Na koma gida na ɗauko fatar da ta fi kyau. Ban yi ɗan mitsitsin da ake yi ba, na yanka daidai awon tafin hannuna, na sa masa ƙasa mai kauri da maɓalli a gefe. Zenon ya ɗauka ya juya shi.

"Tsohuwa, wannan ai ya yi wa buri girma. Idonki ya fara mutuwa ne?"

"Mai turare ba ya zuwa da ma'auni."

Ya dube ni ya daɗe. Sai ya ɗauko 'yar gudumarsa ya daddanne mini ƙusoshin dunduniyar da kyau, wai kada su soki wani.

Ranar bikin da safe na bar shi yana jera kaya a filin, na hau bas zuwa Flores. Wilma ta buɗe ƙofar ƙarfen, ta tsaya a bakin da makulli a hannu. Nelida ta wanke yarinyar, ta sa mata wata riga da ta harhaɗa da ragowar yadin wando. Da na fito da takalman ta zuba musu ido, ta dube ni, ta gane. Ta durƙusa ta sa mata da kanta. Delfina ta tsaya cik tana kallon ƙafafunta, ta ɗaga ɗaya, ta ajiye, ta ɗaga ɗayar.

Sai Nelida ta miƙe ta rungume ni, yadda sababbin kumadre ke yi. Bakinta ya zo daidai kunnena.

"Kada ki dawo da ita."

Kafin in ce uffan ta koma kan kekenta ta juya mana baya. Wilma ta danna kwaɗo.

Na ɗauka yarinyar za ta yi kuka a titi. Ina! Ta riƙe gefen zanena gam, amma komai sai ta taɓa. Ta shafa jikin bishiya ta sansana hannunta. Ta tsaya gaban wani kare suka yi ta kallon juna. Ta tambaye ni me ya sa bas ɗin ke ƙara amma ba ya ɗinka komai. Mutanen cikin motar suka yi dariya.

A filin ana ta cinkoso, ga hayaƙin turare, ga masu soya nama, ga masu busa. Da rana ta take tsaka na ɗaga ta sama, tsohon mai turaren ya kewaya ƙafafunta da kaskonsa, ya yayyafa wa takalman giya da furanni. Ya ce, "Baiwar Allah, ai ƙaramin ake kawowa, wannan burin ya riga ya cika." Na ce masa ya yi aikinsa kawai.

Yini guda ina ba da canji ba daidai ba. Na gaya wa Zenon abin da uwar ta raɗa mini, ya cire hularsa ya sosa kai.

"In kika mai da ita, ta koma kwali ke nan. In kika riƙe ta, Wilma ba yarinya ba ce, za ta gane."

"To me zan yi?"

"Uwar ta fi mu sanin gidan, kuma ta faɗi abin da take so."

Na bar masa tebur, na kama hannun Delfina muka tafi ofishin hukuma masu bin maganar bautar da mutane. Wata mata mai gilashi ta saurare ni har ƙarshe, ta ba yarinyar biskit, ta ce za su je, amma sai alƙali ya sa hannu kafin a fasa ƙofar mutum. Na ce a fasa yau. Ta ce ba a haka. Na buga mata tebur, na ji kunya daga baya, don matar ba ta yi mini komai ba. Ta ce yarinyar ta zauna a hannuna tukuna.

Da yamma wayata ta yi ƙara. Wilma ce.

"Kumadre, shiru?"

"Ta cika ciki da kayan zaƙi, barci ya ɗauke ta. Gobe na kawo ta."

Sai ta ce, "To, kumadre." Ta kashe. Shekara ashirin na san matar nan, ban taɓa jin ta yarda da magana cikin sauƙi haka ba, kuma tun a lokacin na san akwai wata a ƙasa.

Da takardar alƙali ta fito na bi su har gidan. Ba a ma sha wahalar fasa ƙofa ba, a buɗe take. Babu keke ko ɗaya, babu gado, babu Wilma, sai sawun ƙafafun kekuna a ƙasa da karyayyun allurai. Wani maƙwabci ya ce ya ga babbar mota ta zo ta yi lodi, ya ɗauka tashi suke yi kamar kowa. Ya ce ya ga mutane sun shiga baya tare da kayan, an ja tanti. Ina suka nufa? Ya ɗaga kafaɗa. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na zagi Wilma da uwarta da kakarta da harshenmu na gida, har ɗan sandan ya ce in fita in sha iska.

Mutanenmu sun rabu biyu a kaina. Wasu sun daina gaishe ni a coci, wai na ci amanar kumadre, na jawo wa 'yan'uwa 'yan sanda. Wata ma ta ce na saci 'yar mutane don ban haifi mace ba. Na ce ta zo ta maimaita a gabana, har yau ba ta zo ba. Matar ofishin ta taimaka an yi wa Delfina takardar haihuwa, ta ce suna nema, amma irin waɗannan gidajen a birnin nan ba su ƙirguwa, kuma daga waje duk gida ne kamar kowane gida. Gashin na wanke shi, na warware shi da man zaitun a hankali, na kitse. Ban sa masa almakashi ba. Ba a aski uwa ba ta wurin.

Delfina ba ta da rigima. Tana ci, tana bin Zenon tana tambayarsa me ya sa gidajensa ba su da kwaɗo. Barci ne dai ba ta iya yi a gado, sai na shimfiɗa mata a ƙarƙashin ɗan kekena ina takawa. Ba ta tambayi uwarta ba sai sau ɗaya, na ce mata muna nemanta, ta ce to.

Ita ta ɓullo da yadda za mu yi neman, ba ni ba. Wata rana muna dawowa daga kasuwa ta wani layi a Floresta, maƙwabciyar Flores, sai ta tsaya gaban wata ƙofar gareji da aka ja har ƙasa. Ni ban ji komai ba sai rediyo. Ta manna kunnenta a jikin ƙarfen.

"Akwai kekuna, Gwaggo."

Na sa nawa kunnen. Can ƙasa da kiɗan, ga shi kuwa, dirin kekuna.

Tun daga ran nan, in rana ta yi sanyi, sai mu ɗauki layi ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Ni ina duba tagogin da aka toshe da kwali, ita tana saurare. Duk ƙofar da ta ce akwai, ina gaya wa matar ofishin, kuma an buɗe wasu, an fito da 'ya'yan mutane suna kare ido da hannu. Nelida ba ta cikinsu. Zenon ya ce mun zama karnukan farauta, amma shi ke tuna mana layin da ba mu bi ba.

Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne yadda take yanke hukunci. Za ta saurara, ta ɗan yi wani abu da bakinta a jikin ƙofar, ta jira, sannan ta ce mu tafi. Na ɗauka wasan yara ne. Jiya dai na kasa haƙuri, a gaban wata koriyar ƙofa a bayan tashar jirgi, na durƙusa kusa da ita.

"Delfina, kekuna ai duk ƙararsu ɗaya. Yaya kike gane ba mamanki a ciki?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta.

"In na yi tari, Mama tana tsayawa."

Ta juya ta kai bakinta daidai tsagar ƙofar, ta yi tari sau biyu, ɗan ƙaramin tari na ƙarya. Ta mai da kunnenta ta jira. Ni ma na riƙe numfashina na jira tare da ita. Kekunan suka ci gaba da gudu, ko ɗaya bai tsaya ba.

Ta sake yi, da ƙarfi kaɗan.